Fayafayan Mahfuz

"Mahfuz! Magana fa nake yi maka!"

Bai juyo ba. Yana durƙushe a tsakar ɗakinsa na haya a unguwar Nombakélé, gaban wani kwali, ya zaro baƙin faifan garmaho mai faɗin tire ya tallafe shi ta gefe da tafukansa biyu, yana karkata shi wajen hasken taga yana duban layukan jikinsa. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa, ruwan sama ya jiƙa min mayafi, ƙafafuna sun kumbura da tsayuwar shago tun safe.

Sai da na daki ƙyauren da tafin hannu sannan ya zabura.

"Khairat! Yaushe kika zo?"

"Sallamata uku. Matan gidan nan duk sun amsa, kai kaɗai ne ba ka da lokacina."

Ya yi murmushin nan nasa da ya fara ba ni haushi, murmushin da ba ya amsa komai.

"Zo ki ga abin da na samo yau. Bugun farko ne, Khairat, ɗauki ki ji nauyinsa. Babu ko ƙwarzane ɗaya a jikinsa..."

"Ba abin da zan ɗauka! Me ka yi wa Yaya Shamsuddeen jiya?"

"Me na yi masa?"

"Sau uku yana tambayarka ranar da manyanka za su zo a sa rana. Sau uku! Kai kuma kana ce masa lafiya lau, aiki da godiya. Ya tashi ya bar falon yana cewa raina shi ka yi. Inna ko abinci ba ta iya ci ba."

Na ga fuskarsa ta sauya. Ya mayar da faifan cikin rigarsa ta takarda a hankali.

"In na kira waya ba ka ɗauka, sai dai ka turo saƙo. Duk Asabar kana unguwar Cocotiers. Wata biyar ke nan ba ka da zance sai garmaho da allura da kiɗan jaz. In ka gaji da ni ka faɗa min, Mahfuz. Wallahi ni ma a gajiye nake... ba ni da ƙarfin bin mutum ina roƙonsa."

"Ban gaji da ke ba, farin cikina."

"To mene ne?"

Ya ƙura wa bakina ido.

Na juya na fita. Ya biyo ni har bakin titi babu takalmi yana kiran sunana, na tare taksi na shige, ban waiwaya ba.

Ni ce auta a gidan Alhaji Abdulgani mai atamfa. A nan Libreville, babban birnin Gabon, aka haife ni, Kano kuwa sau biyu kawai na taɓa ganinta. Shekara uku da suka wuce Baba ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na kasuwar Mont-Bouët, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye. A watan na bar makarantar koyon aikin jinya. Da asuba in dama masa kunu, in ba shi magani, in taya Inna Ƙulu sauya shimfiɗa, in tafi shago in tsaya wa yayana Shamsuddeen har la'asar, in dawo in ɗora tukunya. Har a cikin taksi barci ke sace ni, sai direba ya tashe ni.

Mahfuz kuwa shekararsa takwas yana aiki a wata masana'antar katako a Owendo, kan babban zarton da ke yanka gungumen itacen okume. Shekara huɗu muna tare, ciwon Baba ya cinye uku a ciki, bai taɓa cewa na ɓata masa lokaci ba. Wurinsa kaɗai nake zuwa in yi ta surutu ya saurare ni. Ranar da na lura ya daina saurarena, sai na ji kamar an janye min bangon da nake jingina.

Mako biyu ban amsa saƙonsa ba. A raina na gama yanke hukunci: mace ce a Cocotiers, fayafayan nan hujja ce kawai.

Ranar Asabar na ce wa Yaya zan je farmasi karɓo maganin Baba. Mahfuz ya taɓa kwatanta min gidan, mai koren get a bayan wani gidan burodi, don haka ban sha wahalar gane shi ba. Na shiga, na shirya duk abin da zan gaya mata.

Tun daga baranda na fara jin kiɗan, wani ƙaho yana busawa a sanyaye kamar mai lallashi. Wanda ya fito tarbata ba mace ba ce. Wani dogon tsoho ne ɗan Gabon, kansa fari fat, yana dogara sanda.

"Ke ce Khairat," ya ce da Faransanci. "Na ga hotonki ya fi sau ɗari. Ni ne Papa Ndong. Shigo, 'yata."

Falon cike yake da kantoci har sama, fayafayai a jere a tsaye kamar littattafai. Mahfuz na zaune a kujera tsakanin manyan lasifikoki biyu, ya ba mu baya, ya karkata kansa, kunnen dama wajen lasifika.

"Mahfuz," na kira.

Bai motsa ba.

"Ba haka ake yi ba," in ji tsohon. "Zagaya gabansa ya ga fuskarki." Sai ya tsaya ya dube ni da kyau. "Bai gaya miki abin da likita ya ce ba?"

"Wane likita?"

Papa Ndong ya dafe goshi. "Kash! Ni da bakina..."

Ya je ya ɗage allurar daga kan faifan. Kiɗan na tsayawa Mahfuz ya waiwayo, ya gan ni, ya ga fuskar tsohon. Nan take ya gane. Kafaɗunsa suka sauka.

Tsohon ya ce zai je ya dafa mana shayi, ya bar mu a baranda.

"Zarton ne," Mahfuz ya ce yana murza yatsunsa. "Shekara takwas ina tsaye a kansa. Likita ya ce kunnena na hagu ya kusa tafiya, na dama kuma ya fara binsa. Siraran sauti ne ke fara gudu. Kukan tsuntsu, ƙarar waya... muryar mata."

Ya sunkuyar da kai.

"Muryarki, Khairat. A waya sai in ji kamar daga ƙarƙashin ruwa kike magana. Shi ya sa nake turo saƙo. Ranar nan kuma a gidanku fanka na juyawa, talabijin na yi, Yaya yana magana yana kallon wayarsa. Ban ga bakinsa ba. Sai na yi ta zato ina amsawa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un... Tun yaushe?"

"Na'am?"

Na matso gabansa sosai. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun watan Yuni. A layin asibiti na haɗu da Papa Ndong, shi idonsa ya kawo. Ya ga na fito daga wurin likita na zauna na kasa tashi, ya ce in biyo shi gida. Ya zaunar da ni a kujerar can, ya ɗora faifai." Idonsa ya ciko. "Khairat, a waya duk kiɗa a dunƙule nake jinsa kamar ɗumame. Amma a nan sai na ji kowa a wurinsa. Ga mai ƙaho a hagu, ga fiyano can, ga mai babban gogen nan da ake tsayawa a kaɗa da yatsa, har a ƙirjina nake jinsa. Har jan numfashin mai busa na ji! Na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Na ce kafin a rufe min ƙofar, bari in tara abin da zan iya ji."

Papa Ndong tsohon mai gyaran na'urorin jiragen ruwa ne. Matarsa ta rasu, 'yarsa na so ya koma wurinta a garin Lambaréné, kuma ba zai iya jan fayafayan shekara hamsin zuwa can ba. Sai dai ya ƙi sakin su ga kowa. Ɗaya-ɗaya yake ba Mahfuz, shi ma sai da ya koyi wanke su da tataccen ruwa da burushi mai laushi, ya koyi daidaita nauyin allura, ya kuma yi alkawarin ba zai taɓa ajiye su a kwance ba, ko kusa da ƙasa inda laimar garin nan za ta sa su yi fumfuna.

Mahfuz ya shiga ya ɗauko min faifan da ya zo da shi daga gida. A cikin kwalinsa akwai 'yar takarda da rubutun hannunsa.

"Yuli: farantan tagullar mai ganga suna fita tar.
Satumba: sai na matsa kusa.
Nuwamba: ban ji su ba."

Na ɗago kai daga kan takardar.

"Babu magani?"

"Abin da ya tafi ya tafi. Amma likita ya ce in na bar zarton, wanda ya rage zai iya tsayawa."

"To me kake yi a can har yau?"

"Yaya Shamsuddeen ya amince da ni ne don ina da tsayayyen aiki. Na ce in daure har a ɗaura, sannan..."

"Mahfuz! Kunnenka za ka ba su ka auro ni? Wa ya ce maka ina so?"

"Shekara huɗu, Khairat. Ba zan iya rasa ki a bakin ƙofa ba."

"Ranar Litinin ka kai musu takardar barin aiki."

"Gidanku fa?"

"Gidanmu nawa ne. Bar ni da su."

Da ƙarfi na faɗa, amma ni kaina ban san inda zan samo ƙarfin ba.

Kafin in tafi Papa Ndong ya ce sai na zauna a kujerar nan ko na minti biyar. Na zauna don kada in ƙi maganar babba. Allura ta sauka, aka ɗan yi shuu, sai fiyano ya shigo a hankali kamar mai tsoron tashin wani. Ban fahimci kiɗan ba, babu waƙa, babu inda za a tafa. Amma rabon da in zauna ba tare da wani na jiran hannuna ba har na manta. Da faifan ya ƙare, fuskata a jiƙe take.

Da yamma na sami Inna a kicin tana feraye rogo. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta ajiye wuƙar.

"Allah Ya ba shi lafiya," ta ce. "Yaron kirki ne. Amma ba zan ba shi ke ba."

"Inna!"

"Dube ni, Khairat. Dubi hannuwana. Shekara uku rabon da in yi barci ya ishe ni. Ni ciwo ya zo ya same ni da mijina bayan shekara talatin da biyar muna zaman daɗi, dole in riƙe shi, kuma ina sonsa. Ke kuma kina so ki shiga da idonki a buɗe? Daga jinyar uba ki faɗa jinyar miji? Ban haife ki don haka ba."

"Ba a kwance yake ba, Inna. Kunne ne kawai..."

"Kawai? Kin san zama ɗaki ɗaya da mutumin da ba ku iya hira? Ni na sani. Ki yi kuka bai ji ba, ɗanki ya faɗi bai ji ba. A'a, auta. A'a."

Ba faɗa take yi ba, hawaye ne ke bin kuncinta. Da faɗa ne da na san abin da zan ce.

Yaya Shamsuddeen kuwa da ya ji Mahfuz ya ajiye aiki, tsalle ya yi.

"Ba aiki, ba kunne, sai tarin kiɗan mutanen Amurka! Wannan za ki kawo mana? To maganar ta mutu. Kada in sake ganin ƙafarsa a gidan nan!"

Na yi niyyar tsayawa in yi ta yi da su. Amma a gaskiya ban yi ba. Na ce to, na shiga ɗaki na kwanta da kayan kasuwa a jikina. Washegari na tashi na dama kunu kamar kullum.

Wata biyu suka wuce a haka. Mahfuz ya karɓi kayan aikin Papa Ndong yana koyon gyaran rediyo da amfilifaya da lasifikokin masallatai, ya ce aikin ido ne da mitar gwada wuta, bai cika buƙatar kunne ba. Kullum sai ya turo saƙo. Wata rana da gajiya ta kai min ko'ina na rubuta masa: "Ni na sa ka bar aiki kuma na kasa tsaya maka. Ka yafe min, ka nemi wata."

Ya amsa: "Kin ci abinci kuwa? Yau na samu faifai na goma sha huɗu, wata mata ce ke waƙa a ciki. Ina jin rabin muryarta. In kin zo za ki gaya min sauran."

Na kife wayar, na ci gaba da auna wa wata 'yar Kamaru yadi shida.

A watan Janairu Yaya ya tafi Lomé sarin kaya na kwana goma sha biyu. Kwana biyu da tafiyarsa, da safe, Baba ya zamo daga gado ya faɗo ƙasa. Ni da Inna muka kama, muka ja, muka kasa. Baba mutum ne mai jiki. Mazan maƙwabta duk sun fita aiki. Yana kwance a kan siminti yana kallon rufi, hawaye na gangara cikin kunnensa, Inna ta riƙe ƙugu tana nishi.

Ban tambayi kowa ba, na tura saƙo: "Baba ya faɗi. Zo."

Kafin minti ashirin ya iso a guje, rigarsa a birkice. Ya durƙusa, ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin wuyan Baba, ɗaya a ƙugunsa, ya ce, "Bismillah, Baba, riƙe ni da na hagun." Ya ɗaga shi cak ya mayar kan gado, ya gyara masa matashi. Ya gaishe da Inna, ta amsa a ciki, ya fita.

Washegari ƙarfe bakwai na buɗe ƙofa zan zubar da ruwa, na gan shi tsaye a jikin bango.

"Na san babu mai yi wa Baba wanka," ya ce. "In Inna ba ta so, in koma."

Na shiga na gaya mata. Ta dubi Baba, ta dubi bokitin ruwan zafin da take ta tunanin yadda za ta yi da shi.

"Ce masa ya shigo."

Haka ya riƙa zuwa kowace safiya. Ya yi wa Baba wanka, ya aske masa gemu, ya shafa masa mai a ƙafa, ya tafi wurin gyaransa. Ni ko kallona ba ya yi sosai, don kada Inna ta ce da wata manufa ya zo.

Akwai wata kalma da Baba ya daɗe yana maimaitawa. "Ma'a... ma'a." Mun fi shekara muna jinta. Inna ta ce marigayiya mahaifiyarsa yake kira, ni kuma in ya faɗa sai in miƙa masa ruwa. Mun saba yi masa magana muna aiki, hannu a shimfiɗa, ido a agogo.

Ran kwana na biyar ya faɗe ta a gaban Mahfuz. Shi kuwa ba ya iya jin mutum sai ya kalle shi, don haka ya jawo kujera ya zauna daf da fuskar Baba.

"Sake faɗa, Baba."

"Ma'a."

"Yi haƙuri, kunnena ne ba shi da kyau. Sake, a hankali."

Sau biyar Baba na faɗa, Mahfuz na kallon leɓensa. Sai ya juyo gare mu.

"Akwai wani abu kafin ma'a ɗin, leɓensa na tsukewa amma sautin ba ya fita. Juma'a yake cewa. Baba, masallaci kake so a kai ka?"

Baba ya daki katifa da hannunsa mai lafiya, ya sake duka, ya fashe da wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Inna ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Shekara guda yana roƙona," ta ce, "ina ba shi ruwa..."

Ranar Juma'a Mahfuz ya aro keken marasa lafiya, ya sa wa Baba farar babbar rigarsa da hula, ya goya shi har cikin taksi. Da suka dawo Baba sai ƙamshin turaren abokansa yake yi, kowa ya rungume shi ya shafa masa nasa. Ranar ya cinye tuwonsa tas.

Asabar da hantsi Inna ta yafa mayafi, ta roƙi maƙwabciyarmu ta zauna da Baba.

"Tashi ki kai ni in ga abin nan da ake ta surutu a kai."

Mahfuz ya rikice da ya gan mu. Ya kakkaɓe kujera, ya rasa inda zai sa hannunsa. Inna ta tsaya tana duban kantar da ya haɗa da kansa da ragowar katakon okume, an ɗaga ta sama da ƙasa, fayafayai goma sha bakwai a tsaye, kowanne cikin rigar leda. Ta shafa saman kantar da yatsa ta duba, babu ƙura.

"To, sa mana mu ji."

Ya zaɓi ɗaya, ya share shi da burushi, ya sauke allura. Inna ta zauna ta yi tagumi. Ƙahon ya yi ta tafiya, ya hau, ya tsaya kamar numfashi ya ƙare masa, ya sake kamawa. Ba ta motsa ba har fuskar faifan ta ƙare.

"Wannan mai busar," ta ce tana kallon Mahfuz ido cikin ido, tana buɗe baki sosai, "wani ya mutu masa ne?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ya mutu masa," ta ce. Ta goge ido da bakin mayafi ta miƙe.

Da muka kusa gida, Inna ta juyo ta dube ni.

"Ki daina yi masa magana kina juya baya. Halinki ne tun kina ƙarama. In za ki zauna da shi sai kin bari."

Na tsaya cak a tsakiyar titi, har wani mai taksi ya zage ni.

Da Yaya ya dawo ya ji abin da ya faru a bayansa, gidan ya ɗauki zafi. Ya ce an ci amanarsa, ya ce an mayar da shi ba kowa ba. Inna ta bar shi ya gama.

"Ubanku na raye, Shamsuddeen. Je ka tambaye shi. Amma ka zauna, ka kalli bakinsa."

Ya shiga ɗakin a fusace. Ina laɓe a bakin ƙofa na ga ya zauna a kujerar da Mahfuz ke zama, ya yi tambayarsa. Baba ya yi ta fama da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ba... shi."

Yaya ya daɗe a zaune. Ya fito bai dubi kowa ba. Bai sake hanawa ba, amma wata guda bai yi min magana ba in ba ta shago ba, in Mahfuz ya gaishe shi kuwa sai ya ɗaga hannu kawai ya wuce.

Na raka Mahfuz asibiti a watan Maris. Likita ya ce na hagu ya tafi gaba ɗaya, watannin nan da ya ƙara a kan zarto ne suka ƙarasa shi. Na dama kuwa ya tsaya inda yake. Aka ba shi 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne. Da muka fito ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da hannu, na zauna ta damansa, ban ce ya yi haƙuri ba, don ni ma ban da shi a lokacin. A makon ne kuma Papa Ndong ya tafi Lambaréné. Ya bar mana faifan da matarsa ta fi so, ya ce gudummawarsa ke nan, kada mu sa shi ranar da muka yi faɗa.

An ɗaura auren a watan Afrilu bayan sallar Juma'a, Baba na zaune a kekensa a sahun gaba. Ba a yi wani taro ba, babu mai ƙarfin yi.

Washegari da hantsi muna zaune a ɗakinmu, na lura Mahfuz yana ta juya kofin shayi bai sha ba.

"Angona, lafiya?"

"Jiya a masallaci... kin san na'urar nan ba ta son hayaniya. Da lasifika da surutun jama'a sai ta yi ta tsuwa a kaina, dole na cire ta. Na zauna ina ganin bakuna na motsi, hannaye su tashi su sauka, ban san inda aka kai ba. An fara ne, an gama ne, ko wata matsala ta taso? Aurena ake ɗaurawa, Khairat, ni kaɗai ne ban sani ba. Kunya ta hana ni tambayar kowa. Gumi ya jiƙa min riga."

"Wayyo, masoyina..."

"Sai na ga wani ya miƙe daga can gaba yana tsallake mutane. Yaya Shamsuddeen ne. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, ya fasa. Ya zo ta haguna ya sunkuyo, sai ya tuna, ya zagayo ta damana. Ya dafa kafaɗata, ya sa bakinsa a kunnena."

"Me ya ce?"

Mahfuz ya ajiye kofin.

"Ya ce, 'An ɗaura, ƙanina. Ka riƙe min ita, ta gaji.'"

Na kifa kaina a gwiwarsa, na yi kukan da na shekara uku ina ɗage shi.